Masu digiri 'yan sanin makamar aiki: me ke kawo su kamfani, me ke sa su tsaya?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. Masu matsakaitan kamfanoni, irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano ko Kakuri a Kaduna, kukansu ɗaya ne: a ɗauki yaro ya gama digiri, ko ɗan bautar ƙasa, a koya masa aiki, hannunsa na fara faɗawa sai a neme shi a rasa. Su kuma yaran suna cewa 'yan aike ake mayar da su. To me ke jawo nagari tun farko, me kuma ke riƙe su? Don Allah a yi mana dalla-dalla, kada a tsaya a kan "a kyautata musu".

Malam Ma'aji: Wa alaikumus salam. Mu fara da kuɗi, don wanda ya tsallake shi yaudarar kansa yake yi. Akwai ma'aunin da yaran nan ke riƙe da shi a zuci ko ba su faɗa ba, wato alawus ɗin bautar ƙasa. Naira 19,800 ne daga 2011, ya koma 33,000 a farkon 2020, yanzu kuma 77,000 tun da aka fara biyan sabon a watan Maris na 2025, bayan mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a 2024. Wanda ya fito daga bauta yana karɓar 77,000, ka ce masa ya zo ya koyi aiki a kan 50,000, to rage masa ka yi. Zai karɓa idan ba yadda zai yi, amma tun ranar farko takardunsa na neman aiki suna yawo a wasu wuraren.

Lissafin kuma daga unguwar da yaron ke kwana ake fara shi. A ce A Daidaita Sahu biyu zai hau kafin ya iso, zuwa da dawowa naira 1,500. Kwanakin aiki 22, ya kama 33,000. Abincin rana a ce 1,200, ya kama 26,400. Data da kati a ce 6,000. Jimla 65,400, bai sayi sabulu ba, balle haya. Kowa ya sa farashin garinsu, amma haka ake jerawa. Duk alawus da ya gaza wannan jimla, iyayen yaron ne ke ɗaukar nauyin kamfani ba su sani ba. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ne ke cinye kaso mafi tsoka, shi ya sa kamfanin da ke da bas ɗin ma'aikata, ko mai ba da abincin rana, zai iya biyan ƙasa da na maƙwabcinsa kuma ya fi shi samun mutane.

Maman Ilham: Malam Ma'aji ya faɗi gaskiya, sai dai akwai abin da ya fi yawan kuɗin ɓata wa yara rai, shi ne ranar biya. A wurare da yawa ba a sa 'yan sanin makamar aiki cikin jadawalin albashi. Daga kuɗin kashe-kashen ofis ake biyan su, sai wani ya rubuta takarda, wani ya sa hannu, mai sa hannun ya yi tafiya. Ma'aikata su ji ƙarar shigar kuɗi ran 25, yaro yana zaune kusa da su sai ran 9 ga wata mai kamawa. Wanda ke rancen kuɗin mota na mako biyu ba zai so wurin ba ko nawa ne alawus ɗin. Gyaran ba ya cin ko kwabo: a ba shi lambar ma'aikaci, a karɓi lambar asusunsa tun makon farko, a biya shi rana ɗaya da kowa.

Sai makon farko kansa. Kafin yaro ya iso a tabbatar da abu huɗu: wurin zama, kayan aiki (kwamfuta, ko hular kwano da takalmin aiki idan masana'anta ce), izinin shiga manhajar da ake aiki da ita, da sunan wanda zai riƙe shi. Na huɗun ne ake yawan mantawa. A ce masa "kana sashen kuɗi", alhali mutum shida ne a sashen kuma babu wanda aka ce shi ke da alhakinsa. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: wannan ya aike shi banki, wancan ya ba shi fotokwafi, ranar da babu aike ya wuni yana latsa waya. Bayan wata uku a ce malalaci ne.

Baban Walida: Hajiya, da girmamawa, duk wannan ado ne. Ranar da banki ko kamfanin sadarwa ko wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ta kira yaron nan, ko kujerar zinariya kika ba shi tafiya zai yi. Ƙaramin kamfani ba zai iya gogayya da su ba. Ni a ganina a daina wahalar da kai, a ɗauke su a matsayin masu wucewa, a ci moriyar shekarar, su tafi a kawo wasu.

Injiniyan Bompai: Alhaji Baban Walida, wasu za su tafi, babu musu. Amma akwai abin da ƙaramin kamfani ke da shi wanda banki ba zai ba ɗan injiniya ba. Kafin COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta yi wa mutum rajista sai ya nuna gogewar shekara huɗu bayan digiri, ya rubuta rahoton ayyukan da ya yi da hannunsa, injiniyoyi masu rajista su tsaya masa, sannan a yi masa tambayoyi a kan rahoton. Wanda ya karanta injiniyan lantarki ya tafi yana buɗe wa mutane asusu, shekarun nan ba su ƙara masa komai a wannan hanya. Yara masu hangen nesa sun san haka, kuma su ne ake so a riƙe.

Saboda haka idan kamfani na da injiniya mai rajista ko ɗaya ne, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a tallar neman ma'aikata: za ka yi aiki ƙarƙashin injiniya mai rajista, zai duba littafin ayyukanka ya sa hannu duk wata. Sannan a cika alkawarin. Littafin nan yana da yadda ake cika shi. "Na taimaka a gyaran janareta" ba ya amfanar kowa. A rubuta kwanan wata, girman injin, alamar da ya nuna, gwajin da aka yi, abin da aka samu, abin da aka canza, da wanda ya yanke shawarar. Inda abin ke lalacewa shi ne a bar littafin sai ƙarshen shekara, maigidan ya zauna ya sa hannu a shafi hamsin rana ɗaya. Ranar da aka titsiye yaron da tambaya a gaban kwamiti ba zai iya kare ko shafi ɗaya ba.

Wani abu kuma, a bar shi ya taɓa inji. Tsofaffin masu gyara kan hana mai digiri kusantar aiki, wani don tsoron ya ɓata, wani don tsoron ya gaje shi. Idan shugaban sashe bai sa baki ba, yaron zai shekara yana riƙe fitila. A tsara abin hawa-hawa: wata na farko kallo da rubutu, na biyu da na uku ya yi aiki ana tsaye a kansa, daga na huɗu a ba shi inji ɗaya ko layi ɗaya a ce kulawarsa ta yau da kullum a wuyansa take.

Yaya Kemis: Haka abin yake a ɓangaren lafiya, har ma ya fi tsanani. Mai digirin haɗa magunguna dole ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a wurin da PCN, hukumar kula da masu haɗa magunguna, ta amince da shi, ƙarƙashin mai cikakken lasisi, kafin ya samu nasa. Likitoci ma haka suke yi ƙarƙashin tasu hukumar, MDCN. Guraben sun yi kaɗan, shi ya sa jawo su ba wuya, su ke bin ka. Kuma nan ne tarkon yake: tun da yaron ba zai iya tafiya ba sai ya cika wata 12, sai a ɗauka ya gamsu. A jibga masa aikin dare, a ƙi zagaya da shi sassa, a bar shi a tagar ba da magani daga farko har ƙarshe. Ranar da aka sa masa hannu ba zai ko waiwayo ba. Zaman dole ba ya nuna komai. A tambaye shi a wata na shida ko zai so ya dawo bayan bautar ƙasa, amsar da ya bayar da yanayin fuskarsa sun isa.

Maman Ilham: Bari in dawo kan maganar Alhaji, don tambayarsa na da ƙarfi. Babban abin da ke sa nagari tafiya tun kafin wa'adi shi ne rashin sanin makoma. Yaro ya shiga wata na tara, na goma, babu wanda ya ce masa uffan. Ya tambaya a ce "ana dubawa". Mai hankali ba zai zauna jiran ranar ƙarshe ba, kuma mafi ƙwazon ne ke fara samun wani wuri. Sai kamfani ya farka ana saura mako guda ya ce yana so ya riƙe shi, alhali ya riga ya karɓi takardar wasu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda shekarar ya kamata ta kasance. Takardar ɗauka ta faɗi tsawon lokaci, alawus, ranar biya, sunan mai kula da shi, da watan da za a yanke hukunci a kansa. A ƙarshen wata na uku a zauna da shi minti talatin, a gaya masa abu biyu da yake yi daidai da abu biyu da zai gyara, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. A wata na shida a maimaita, a duba ko ya gyara. A wata na tara a gaya masa ɗaya daga cikin uku: za mu ɗauke ka, ga matsayi ga albashi, ko ba za mu ɗauke ka ba, fara nema, za mu ba ka takardar shaida, ko kuma muna son ka amma gurbin ya dogara da kwangila kaza, za ka ji daga gare mu ran kaza. Ta ukun ba laifi ba ce muddin akwai kwanan wata a ciki kuma aka cika shi.

Kada kuma a manta da mai kula da shi. Mutum na da nasa aikin, an ɗora masa yaro, ba a rage masa komai ba, ba a kuma lissafa koyarwar a kimanta aikinsa na shekara. Dole ya ga yaron a matsayin kaya. Kada a ba mutum ɗaya fiye da yara biyu, kuma a zaɓi mai haƙurin bayani. Wanda ya fi kowa iya aiki sau da yawa bai iya koyarwa ba.

Kawun Yara: Ƙarin bayani kan 'yan bautar ƙasa, don su ne ƙofar da kamfanoni da yawa ke samun masu digiri. A ƙarshen 2024 ma'aikatar matasa ta sanar da ɗage takunkumin da ya hana tura su kamfanoni masu zaman kansu, don haka hanya a buɗe take. Mai so ya rubuta wa shugaban hukumar bautar ƙasa (NYSC) na jiha tun kafin a fito daga sansani, ya faɗi fannin da yake nema da adadi da abin da zai bayar. Sansanin mako uku ne, wanda ya jira sai an fito ya makara.

Ƙa'idar hukumar ita ce wurin aiki ya ba ɗan bauta masauki da abin sufuri, ko kuɗi a madadinsu. Ga baƙon da aka turo daga wata jiha, ɗaki mai ƙofa da makulli da ruwa ya fi masa ƙarin naira 20,000, saboda mai gida kuɗin shekara yake nema a dunƙule, yaron kuma ba shi da su. Rashin masauki na cikin manyan dalilan da ke sa su roƙi a ba su takardar ƙin karɓa su nemi wani wuri.

Abu biyu ke haddasa rigima a banza. Na farko ranar CDS, rana ɗaya a mako da hukuma ta ware musu don aikin raya al'umma. Ba alfarma ba ce, kada a tsara masa aiki ranar sannan a ce ya yi fashi. Na biyu takardar shaidar zuwa aiki ta wata-wata, wadda sai da ita ake biyan shi alawus ɗin gwamnati. Wasu shugabanni kan riƙe ta a matsayin bulala. Idan yaro na fashi da gaske, a rubuta wa jami'in NYSC na ƙaramar hukuma, hanyar ke nan. Su kuma yaran suna da zaurukansu na WhatsApp, labarin wurin da ke wulaƙanta mutane kan isa sansani kafin rukuni na gaba ya fito.

Baban Walida: To na ji. Amma idan kamfani ya kashe kuɗi ya tura yaro kwas, me zai hana a ɗaure shi da yarjejeniyar shekara uku, a kuma ajiye asalin takardar digirinsa har ya cika?

Lauyan Unguwa: Ranka ya daɗe, abu biyu ka haɗa. Yarjejeniyar zama bayan horo ana yin ta, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kan duba ko sharaɗin ya yi daidai da abin da aka kashe. Don ta tsaya da ƙafarta: a sa hannu kafin a tafi horon, a rubuta ainihin kuɗin da aka biya tare da rasit, tsawon zaman ya dace da girman kuɗin, abin da zai mayar kuma ya riƙa raguwa. Misali kwas na naira 600,000 da zaman wata 24, kowane wata ya goge 25,000. Wanda ya tafi bayan wata 18 ya mayar da 150,000. Amma a ce koyarwar yau da kullum da ake yi a ofis ita ce "horo", a ɗora mata miliyoyi, wannan neman rigima ne. Kuma ko an yi nasara kuɗi za a samu, kotu ba ta tilasta wa mutum zama wurin aiki.

Riƙe asalin takardar digiri kuwa, ku rabu da shi. A duba ta, a ɗauki kwafi, a mayar wa mai ita nan take. Idan ta ɓata ko gobara ta ci, jami'o'i ba su cika sake buga wata ba, kamfani ya jawo wa kansa shari'a. Ban da haka, yaron da ke da zaɓi da ya ji wannan sharaɗi zai juya, sai a bar ka da wanda ba shi da inda za shi.

Malam Ma'aji: Tun da an zo maganar ɗauka, a san nauyinta kafin a yi alkawari. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, a kan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Akwai inshorar rai ta rukuni da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, da kashi 1 na NSITF (asusun diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki), da kashi 1 na ITF (asusun horar da ma'aikata) ga kamfanonin da dokar ta hau kansu. Idan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri sun kama 150,000, fansho kaɗai 15,000 ne daga aljihun kamfani, yaron kuma za a cire masa 12,000. A nuna masa abin da zai shiga asusunsa bayan cire-cire. Wanda aka ce wa 150,000 ya ga ƙasa da haka ba tare da bayani ba zai ɗauka an cuce shi. Sannan masu biyan ITF su tuna ana iya neman a mayar musu da har rabin abin da suka biya idan sun horar da ma'aikata bisa tsarin da asusun ya amince da shi. Da yawa ba sa nema, saboda ba sa ajiye takardun horon.

Hajiya Babba: Duk kun yi ta cewa "yaro". 'Yan mata fa? Abin da ke korar su sau da yawa ba ya cikin takardar ɗauka. Banɗaki na mata mai makulli, wurin alwala da salla da ba sai an ratsa maza ba, da lokacin tashi tsayayye. Yarinyar da ke gidan iyayenta, idan tana komawa bayan isha sau uku a mako, mahaifinta ne zai ajiye mata aikin. Idan aikin na buƙatar dare a faɗa tun wajen ganawa, a kuma tanadi mota.

Sai babbar, wadda ba a son faɗa: mai kula da ita shi ke sa mata hannu, shi ke rubuta rahotonta. Idan ya fara turo saƙon dare, wa za ta gaya wa? Dole a sami mutum na biyu, zai fi kyau mace, a wajen sashenta, a gabatar da ita tun makon farko a ce ga wadda za ki samu idan da matsala. Kuma rahoton ƙarshe kada ya zama na mutum ɗaya. Yawancinsu ba sa kai ƙara, sai dai kawai a ji sun ce an yi musu miji ko gida sun hana.

Injiniyan Bompai: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. In ƙara ɗaya: yaran na kallon wanda aka ɗauka bara. Idan su biyar suka yi shekara, aka riƙe ɗan ƙanwar manaja wanda kowa ya san ba ya zuwa, duk wani tsarin kimantawa ya zama wasan yara a idon rukuni na gaba.

Baban Walida: Wannan kam na yarda. Shirye-shiryen gwamnati da ke biyan alawus ɗin fa, ba su ne mafita ga ƙaramin kamfani ba?

Maman Ilham: Suna rage nauyi, Alhaji. An yi GIS, shirin sanin makamar aiki na masu digiri, ƙarƙashin SURE-P, shirin amfani da rarar kuɗin tallafin mai, daga 2012, N-Power ya zo a 2016 da naira 30,000 a wata duk da shi galibi makarantu da asibitoci da aikin gona ya tura mutane, sai shirin NJFP da aka ƙaddamar a 2021 tare da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai tura masu digiri wuraren aiki na wata 12. Matsalar ita ce abin da mutum bai biya ba bai cika kula da shi ba. Kamfani ya nemi mutum takwas don kyauta ne, alhali aikin mutum biyu gare shi. Kuma idan alawus ɗin ya makara daga can, yaron a ofishinka yake zaune da yunwa. Mai shiga irin wannan ya nemi adadin da zai iya ba aiki na gaske, ya kuma ware nasa kuɗin mota da zai riƙa bayarwa duk wata ko na gwamnati ya zo ko bai zo ba.

Abban Sadik: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: kamfanin da ya san tun farko ba shi da gurbin ɗauka fa, me zai nuna wa nagari su zo?

Maman Ilham: Ya faɗa musu haka tun ranar ganawa, sannan ya nuna abin da za su fita da shi. Aiki ɗaya mai suna da za su fara su gama, kamar tsara lissafin kayan sito ko jadawalin kula da injuna. Kuɗin jarrabawa ɗaya ta ƙwarewa, irin ta ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ga masu lissafin kuɗi, da hutun kwana biyu ko uku kafin ta. Izinin zuwa ganawar neman aiki a wata ukun ƙarshe ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Sai takardar shaida a kan takardar kamfani mai hatimi, wadda ta faɗi ranar farawa da ta gamawa, ayyukan da ya riƙe, manhaja ko injin da ya iya, da lambar ofis da za a kira a tabbatar. A rubuta ta a makon ƙarshe tun yana nan, don bayan wata shida mai kula da shi ma wataƙila ya bar wurin.